Na Sauya wa Mota Ƙafafu, Aka Rufe Yayata Ba Na Nan

Gaisuwa ga mai kula da wannan shafi da masu karanta shi. Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni za su gane ni tun kafin su kai tsakiya, waɗanda ba su san ni ba kuwa ba su yi asarar komai ba.

A lokacin da abin ya faru ni tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, da ya aje alli, ina zaune a Madawa. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyar da lissafi da kimiyya a kwalejojin Keita da Buza da Madawa. Na koya wa ɗiyan mutane yadda ake auna kewayen da'ira, da dalilin da ya sa jan buhu a kan yashi ya fi jan shi a kan siminti wuya. Ina da jan biro, ban kuwa taɓa yin rowar tawadarsa ba. Mutum ne ni mai son a ce ya sani, kuma da yake yawanci na sani ɗin, sai cutar ta samu wurin kwana.

Babban ɗana da ke aiki a Yamai shi ya aiko mini da wata 'yar mota mai aiki da batir, wadda ba ta shan isansi, wato fetur. Ya sa aka jera mini pano masu zuƙar hasken rana a kan rufin gida don in riƙa cika ta da rana ko kuran, wutar lantarkin gari, ya ɗauke. Da zai koma ya ce abu guda yake roƙo na, kada in taɓa ƙafafunta. Ya ce waɗanda suka ƙera ta sun auna siraran tayoyin nan da nauyinta da batirinta tare, har faifan robar da ke rufe janti, ƙarfen da taya ke zaune a kai, ba ado ba ne, iska suke tsagawa. Na tuna masa cewa ni na koya masa haɗa biyu da biyu. Ya yi mini sallama irin ta ɗa mai ladabi, ya kama hanya.

Muna da majalisa a gindin wani dogon yaro, mu tsofaffin ma'aikata, inda muke gyara duniya kullum tsakanin la'asar da magariba. Ranar da na fara zuwa da motar, wani tsohon direba da ya ƙare ƙuruciyarsa yana hawan duwatsun Keita ya kewaya ta sau biyu da hannuwa a baya, ya ce Mushe mota ta yi kyau, sai dai an ba ta ƙafafun zalɓe. Wani ya tambaya ko an yaye ta kafin a aiko ta. Direban ya ce a ƙasar Adar mai duwatsu mota ƙafa ce, sauran duk kwalliya, dutsen farko na hanyar Buza zai yi karin kumallo da waɗannan tayoyi. Daga nan suka raɗa mata amaryar Mushe, wai ba ta fita bayan gari. Duk wanda ya iso sai ya tambaye ni kwanan amarya. Sati uku na yi ina dariya tare da su.

A sati na huɗu na tafi wurin wani mai faci da ke sayar da tayoyi. Don Allah zan faɗi gaskiya, mutumin nan bai cuce ni ba. Ya ce shi bai taɓa taɓa irin wannan mota ba, kuma waɗanda nake nunawa sun yi mata nauyi. Na ce taya na zo saye, da shawara nake so na san inda ake ba da ita. Ya ɗaura mata tayoyi huɗu masu faɗi da tsawo, masu haƙora kamar na motar sojoji, a kan janti na ƙarfe masu ƙyalli waɗanda sai da ya yi nishi kafin ya ɗaga kowane. Na jibge na asalin a mangaza, ɗakin ajiyarmu. Da na isa majalisa sai da aka tashi tsaye. Direban ya buga taya da ƙafa ya ce yanzu amarya ta zama mace.

Motar da a da ke tafiya shiru kamar mage a kan katanga sai ta koma gurnani a kan gudoro, wato kwalta. Sitiyari ya yi tauri, in na karya kwana da yawa taya ta gogi jikin mota, kowane rami ya hau mini har ƙeya. Maiɗakina ta ce furar da ta sha a gida sai an sake dama mata ita a ciki kafin mu kai kasuwa. Na kuma lura lambar da ke kan tablo a gaban sitiyari, wadda ke faɗin kilomita nawa suka rage a batir, ta fara saurin sauka. Na ɗora wa zafin bazara laifin, na ɗora wa kuran, na ɗora wa waɗanda suka ƙera ta. Da yake yawona bai wuce cikin gari ba, kullum kuma tana kwana a jone, abin bai taɓa kama ni ba. Da ɗalibi ne ya ga alama uku irin waɗannan ya ƙi haɗa su, na san abin da zan rubuta masa a gefen takarda.

Ina da yaya mace guda, a wani ƙauye bayan Tabotaki, ta hanyar Buza. Ita ta raine ni bayan rasuwar innarmu. Lokacin da aka kai ni lakwal a Buza, ita ke ɗauko damin gero a ka ta kawo wa mai masaukina don kada a gaji da ni. Ba ta san harafi ko ɗaya ba, amma duk takardar sakamakona sai ta karɓa ta juya ta ta adana a ƙasan kwalla. Mijinta ya riga ta, ɗanta namiji ya daɗe a cirani a ƙasar waje, ni kaɗai ne ɗan'uwanta da ya rage. Shekara da shekaru, duk zuwan da na yi, sai ta ce ba ta son riga ba ta son zane, abu guda take bi na: ranar da ta mutu ni zan shiga rami in karɓe ta in kwantar da ita da hannuna. Ta faɗa a gaban liman, ta faɗa a gaban ɗiyarta. Ni kuwa in ce Yaya ki bar wannan zance, ke za ki rufe mu duka.

Wata safiya da hantsi, a tsakiyar bazara, ƙanen mijinta ya kira ni ya ce Yaya ta cika. Ya ce an fara haƙa, liman na son a rufe ta kafin azahar saboda zafi, amma kowa ya san wasiyyarta, yaya nake gani. Na ce su jira ni, da azahar ina cikinsu. Batir bai cika ba, amma lambar tablo ta nuna tafiyar duka da rarar kusan rabinta. Maiɗakina, wadda za ta biyo da mata washegari, ta ce in bar wannan abu in shiga motar kasuwa, ko in ɗauki kabu-kabu, babur ɗin haya. Na ce mata na yi lissafi. Na kuwa yi, a bayan wata ambulan, da ragi da komai. Lissafin daidai yake. Lambar da na ɗora shi a kai ce ta yawon cikin gari, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba ta san hawan Adar da waɗannan ƙafafu ba.

Tun kafin Buza na ga abin da ke faruwa. Kowane hawa sai ya ci ninkin abin da ya kamata, in na yi kilomita ɗaya lamba ta zubar da biyu. Da na shiga Buza rarar ta kusa ƙarewa. A nan ne laifina na gaskiya yake, don haka zan faɗe shi a fili. A bakin tasha ga masu kabu-kabu a jere a inuwa, kowane zai kai ni ƙauyenmu kafin a kira salla. Na rage gudu, na dube su. Sai na ji muryar tsohon direban nan a kunnena yana ba da labarin yadda amaryar Mushe ta kwanta a Buza da manyan ƙafafunta. Na taka na wuce. Gawar yayata na shimfiɗe tana jira na, ni kuwa ina tunanin gindin dogon yaro.

Bayan an bar babbar hanya akwai wata ƙorama mai faɗi, busasshiya, yashi zalla. Duk wanda ya yi tafiya a ƙasarmu ya san abin da ake yi: a sauka a rage wa tayoyi iska don su baje kada su nutse. Na gani sau ɗari a motocin kasuwa. Na sauka na sa tsinke na rage wa duka huɗun, na haye yashin nan tsaf, har na ji daɗin kaina. Abin da ban taɓa lura da shi ba a sau ɗarin nan shi ne, direban kasuwa yana da famfo a ƙarƙashin kujera da jarkar isansi a baya. Ni ɗan famfon da ya zo da motar yana mangaza tare da tsofaffin tayoyi. Na hau fako da tayoyi masu nauyi, masu haƙora, yanzu kuma lagwaf, motar na jan su kamar buhun nan da na yi shekaru ina zana wa yara a allo. Ba a jima ba wani ɗan hoton kunkuru, alamar batir ya zo ƙarshe, ya kunnu a tablo. Waɗanda suka ƙera ta suna da barkwanci. Ta ja jiki kaɗan, ta tsaya, a wurin da babu inuwa babu rezon waya.

Wani dattijo Bafillace da ke kora shanunsa zuwa rijiya ya ratso ya yi mini sallama. Ya ce in isansi ne, akwai mai sayarwa a kwalba a ƙauyen gaba. Na ce ba ta shan isansi. Ya tambaya to me take ci. Na ce rana. Ya ɗaga kai ya dubi ranar da ke tsakiyar ka tana dafa mu, ya dube ni, ya ce ai ga ta nan ta ishi kowa. Na buɗe baki zan yi masa darasi kan pano da batir, sai na ji kunyar kaina na rufe. Ya duƙa ya shafa taya ya ce ƙafafu kam ta samu, Allah ya ba ta tafiya. Da na gaya masa inda za ni da dalili, ya daina murmushi, ya ba ni ruwa a gora, ya nuna mini hanyar ƙafa ta yanke. Ina cikin tafiya na ji lokacin azahar ya yi ya wuce. Na yi tafiyar cikin takalmin fata na zuwa biki, sai can wani mai amalanken shanu ya ɗauke ni sauran hanyar.

Na isa bayan la'asar. Mutane na zaune a kan tabarmi a ƙofar gida da ƙura a ƙafafunsu, na kuwa san ƙurar ina ce. Ba wanda ya yi mini faɗa, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Ƙanen mijinta ya riƙe hannuna ya ce Mushe an jira, an yi azahar an zauna, liman ya ƙara lokaci sau biyu, har ya ce riƙe ta kuma ya zama zalunci. Ya ce da yake sun ji labari motata ba ta da ƙara, sai suka yi ta fita bakin hanya suna dubawa, ko na iso ba su ji ba. Ɗiyarta ta ce mini Kawu, tun hantsi suke mata fifita suna yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki. Ta faɗa ne don in san sun kula da ita. Ni abin da na ji shi ne na ajiye yayata awa shida cikin zafin bazara, sannan ban zo ba. Wani ɗan'uwan mijinta ne ya shiga ramin. Aka raka ni maƙabarta, na iske an riga an jera ƙaya a kai.

Kwana biyu bayan haka bijimai biyu suka jawo motar zuwa Buza, ni a ciki ina riƙe da sitiyari. A can na jona ta ta cika. Da na koma Madawa na kai ta wurin mai facin nan ya mayar mata da tayoyinta na asali. A majalisa aka yi mini gaisuwa, direban ya ce ai motocin zamani ba na ƙasarmu ba ne. Har yau bai san ƙafafun da ya yaba ne suka kwantar da ita ba, ban kuma gaya masa ba, don ba shi ya wuce masu kabu-kabu a Buza ba.

Ga masu irin wannan mota, da waɗanda za su saya, ina cewa batir ba tanki ba ne, ba a kawo masa ɗauki a kwalba. Duk abin da ka ƙara wa taya na faɗi da nauyi da haƙora, daga tafiyarka aka cire shi, haka duk iskar da ka rage. In hanyarka ta tilasta maka sauya taya, tambayi wanda ya sani, ka gwada ta a ranar da ba kowa ke jiran ka, kada famfo ya bar motar. Lambar tablo kuwa zato ce, kada ka ɗauki alkawari a kanta. In kuma an kira ka kan gawa, ka ce su rufe in lokaci ya yi, sannan ka hau duk abin da ya fara zuwa, ko jaki ne.

Ranar sadakar arba'in na sake bin hanyar nan a kan ƙafafun zalɓe, da batir daidai inda yake waccan safiya. Na duba da gangan, halin malanta ba ya barin mutum. Dutsen Buza bai ci tayar ba. Na rage iska a ƙorama, na mayar da famfo a ɗaya gefen. Na isa ƙofar gidan Yaya tun kafin azahar, shiru, da kusan kwatan batir a hannu, ba wanda ya ji isowata, ba kuma wanda ke tsaye a bakin hanya yana dubawa.