Baba Mai Tabarau da Ƙasar da Ta Karkace

Kowace safiya Baba Mai Tabarau yakan buɗe shagonsa, ya share gabansa, ya goge gilasan da ke jere a cikin akwati, sannan ya zauna da 'yar sukudirebarsa yana jiran masu zuwa da takardar likitan ido. Shi ba likita ba ne, bai kuma taɓa yarda a kira shi haka ba. Aikinsa ya yanka gilashi ya zaunar da shi daidai yadda aka rubuta.

Amma ba ya miƙa maka tabarau ya ce sai an jima. Akwai wani ƙyalle mai ratsi a karkace da ya manna a bango. Sai ya ce ka zuba masa ido na ɗan lokaci, sannan ka dubi gefen ƙofa. Kana dubawa sai ka ga ƙofar da kafinta ya kafa a miƙe ta ɗan jingina ɗaya gefen. Ya yi dariya ya ce, "Ka gani ko? Ido akwai sabo. Abin da ya jima yana kallo, shi yake ɗauka daidai. Sabon gilashi zai karkata maka ƙasa kwana biyu, kada ka cire."

Mu mun san darajarsa ne lokacin da mahaifiyarmu ta kwanta a saman benen asibiti, likitoci suka daina yi mana alkawari. Babanmu ya yi shekara da shekaru yana gani dishi-dishi, amma da taurin kai irin nasa, wai idonsa lafiya lau. Sai da ya zauna gefen gadonta ya kasa gane ko barci take ko kallonsa take, sannan ya yarda aka gwada shi. Ranar da ya sa sabon tabarau da Baba Mai Tabarau ya haɗa masa kuwa, daɓen ɗaki ya zame masa gangara, matakalar bene ta kwanta gefe guda. Ya dafa bango ya ce, "Ku mayar masa da kayansa, wannan abu karya ni zai yi." Ya koma gida ya zauna. In ya sa, tsoron faɗuwa. In ya cire, ba ya ganin matarsa, ita kuwa kwanakinta na ƙarewa.

Kai ne, Baba Mai Tabarau, da ka ji labari ka rufe shago ka zo har gida. Ka ce masa, "Yaya, ƙasar nan ba ta motsa ba. Idonka ne ya saba da karkace, an nuna masa gaskiya yana musu. Dafa kafaɗata." Kai ne ka yi ta zagaya tsakar gida da shi, yana mita kana ba shi haƙuri, gobe ka dawo, jibi ka dawo, har ƙasa ta daidaita masa. Ma'aikatan jinya sun ga tsofaffi biyu suna hawa matakala a hankali, ɗaya na dafe da ɗaya.

A makon da kuka hau benen nan tare mahaifiyarmu ta rasu.

Yanzu hannunka ya fara rawa, gilashi ba ya zama inda ka ce ya zauna, ka rufe shagon ba taro ba jawabi. Na bi ta wurin na tarar ana sayar da cajar waya, zuciyata ta karye, don ba wanda ya ma san inda ka koma sai da na yi ta tambaya. Masu sana'a na yanzu, ku dubi mutumin nan, ku riƙa bin abin da kuka sayar har ku ga ya yi wa mai shi amfani.

Mun gode, Baba, Allah ya saka maka da alheri. Babanmu ba ya fita sosai yanzu, amma ya ce lallai in faɗa maka: ba don kai ba, da hazo kawai zai riƙa tunawa. Ya ce a ranar ƙarshe ya ga ta yi masa murmushi, kuma ba wani ne ya ba shi labari ba.