Majigin Italiya a Dokki

Ban taɓa taka ƙasar Italiya ba, amma na san garuruwanta na kan tudu fiye da yadda nake so, don an nuna mini su da majigi ɗaya bayan ɗaya a jikin bangon wani falo a unguwar Dokki, ina zaune ina cizon leɓe. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne muna Alƙahira. Maigidana ƙaramin ma'aikaci ne, mai majigin kuwa shi ne na gaba da shi a ofis. Yallaɓai kowa ke ce masa, har matarsa in da baƙi.

Ban taɓa ganin mutum mai ji da kansa irinsa ba. Kullum da lofe a baki, ba lallai da wuta a ciki ba, in kuma ya yi Hausa sai ka ce aro ya yi zai mayar. Shekara da shekaru yana Alƙahira bai taɓa leƙa tsohon gari ba, wai ƙura da ƙudaje. Garinmu ɗaya da shi, Zariya, saboda haka na san abin da 'yan ofis ba su sani ba: shi ne ya sa aka rushe zauren ubansa mai zane a goshi, aka dasa bulo da kwano, wai ginin ƙasa ƙauyanci ne. Wannan mutumin ne ya kamu da son tsofaffin gine-gine, amma na Turawa. Tun sanyi bai wuce ba ya cika mana kunne da hutun da zai yi a Italiya.

Ana haka aka kawo mahaifiyarsa neman maganin ido. Inna muke ce mata, doguwar tsohuwa mai tsabta da ƙarancin magana. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa irin mutanen da ce, kunyar ɗan fari a wurinta ba wasa ba ce. Ba ta kama sunansa, ba ta duban fuskarsa, in ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In dole ta ambace shi sai ta ce “wancan”.

Ni na raka ta asibiti, don matar Yallaɓai ba ta jin Larabci, ni kuwa na tsinci nawa a wajen ciniki a kasuwar Ataba. Likitan ya daɗe yana haska idon, sannan ya yi mini bayani a hankali yadda zan gane. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama ruwa ne ya taru yana danne jijiya, ganinta yana ta tsukewa, ya zama kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Ya ce a yi aiki kafin wata ya ƙare, don abin da ya mutu a jijiyar nan ba ya dawowa.

Daga asibiti gidansu muka nufa, na faɗa wa Yallaɓai yadda aka faɗa mini, ban rage ko kalma ba. Ya cire lofen ya yi murmushin manya.

“Ma'alish, ba komai,” in ji shi. “Likitocin nan akwai zuzuta abu. Tikiti ya riga ya fito, hutu kuma sau ɗaya ne a shekara. Da na dawo za a yi, khalas, shi ke nan.”

Sannan ya yi abin da har gobe ban yafe masa ba. Ya juya wajen uwarsa, ya sassauta murya, ya ce, “Inna, ko in fasa tafiyar?”

Ya san amsar tun kafin ya buɗe baki. Wanda ya tashi a gidansu ya san ko wuta ce ta kama zanenta, Inna ba za ta ce wa ɗan farinta zauna saboda ni ba. Al'adar da yake kira ƙauyanci ita ya ɗauko ya yi tsani da ita. Inna ta dubi labule ta ce, “A sauka lafiya.” Ya waiwayo ni ya buɗe hannuwa, wai na ji da kunnena.

Suka tafi shi da matarsa, aka kawo Inna gidanmu da akwatinta da butarta. Na yi roƙo har na gaji a bari mu kai ta a yi aikin, maigidana ma ya durƙusa ya sa baki. Ta ce ba za a sa mata wuƙa bayan idon wancan ba, kada duniya ta ce ya yi tafiya an yanka uwarsa a hannun maƙwabta. Sunansa take karewa, shi yana can yana hawa tudu. Na ji haushinta ranar, ba zan ɓoye ba, amma haushinsa ya fi.

Kowace safiya takan zauna a baranda da carbi, ta miƙa hannu gabanta tana juya shi, tana auna abin da ya rage. Wata rana ina tsefe mata kai sai ta ce, “'Yar nan, ke da kike ganinsa, da wa ya yi kama?”

Na ce, “Haba Inna, ɗanki?”

“Ƙeyarsa na sani,” ta ce. “Tun da aka yaye shi aka kai wa kakarsa, in zai fita ne nake ɗaga kai. Na ce in na tsufa kunya ta ragu zan duba. To ga tsufan ya zo.”

Na tashi na birkice gidan ina neman hotonsa. Wanda na samu na taron ofis ne, kawuna ƙanana kamar wake. Ta kai shi har bakin hancinta, sannan ta miƙo mini.

Wata ya ƙare, Yallaɓai ya bugo waya ofis ya ce ya ƙara kwanaki, wai an fara tsinkar inabi, abin da bai kamata mutum ya rasa ba. Da ya dawo aka yi aikin. Likita ya ce ya tsayar da ciwon, amma abin da ya tarar kaɗan ne: za ta riƙa bambanta haske da duhu, da motsin mutum in ya matso. Yallaɓai ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya faɗa da sauri kamar mai rufe tukunya. Tsarabar Inna ɗankwali ce mai hoton hasumiyoyi. Mu kuma aka ba mu 'yar kwalbar man zaitun, mu da ke zaune a Masar.

Ba a daɗe ba aka gayyace mu kallon majigi, ranar Juma'a bayan la'asar. Aka rufe tagogi, aka sauke hoton da ke bango, aka jera kujeru. 'Yan ofis da matansu duk sun zo, don wa ya isa ya ƙi, har da wasu ɗalibai biyu daga unguwar Abbasiya da ƙanshin shinkafa ya jawo. Aka zaunar da Inna a gaba saboda girmamawa, ni ina gefenta.

Gaskiya garuruwan suna da kyau, ba ni da faɗa da su. Gari a ƙwanƙolin tudu, ganuwa ta zagaye shi, lunguna matsattsu, tsofaffi zaune a bakin ƙofa. Na ce a raina, ashe cikin birnin Zariya ne aka gina da dutse. Yallaɓai yana tsaye bayan na'ura yana danna maɓalli, yana kiran sunayen garuruwan ta hanci, yana faɗa mana shekarun kowane bango. “Mutanen nan sun san darajar abin da iyayensu suka bari,” in ji shi. Maigidana ya ce, “Ƙwarai, ranka ya daɗe,” bai yarda mun haɗa ido ba.

Aka shiga hotunan coci-coci. Wata mai ratsin fari da baƙi kamar saƙi, wata rufinta duk zane. Matar wani abokin aikinsu, Kirista ce 'yar Jos, ta raɗa mini cewa ita da ta tashi a coci ba a taɓa yi mata wa'azi mai tsawon wannan ba. Sai ga wani tsohon zane, mace riƙe da jariri a cinya, bayanta ruwan zinariya. Nan Yallaɓai ya tsaya, har da dafa ƙirji.

“Ku dubi yadda take kallon ɗanta,” ya ce. “Na fi awa a gaban zanen nan, sai da na yi ƙwalla. Mu ba mu da irin wannan.”

Na dubi Inna. Fuskarta tana wajen hasken, hannunta yana jan carbi. Da ina da abin jifa a hannu ban san abin da zai faru ba.

Daga nan sai gonakin inabi, layi-layi a jikin tudu kamar sabon kitso, da wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa cike da manyan gangunan giya. Ɗaliban suka yi gyaran murya. “Kallo kawai muka yi,” in ji Yallaɓai, ya danna da sauri. Hoton da ya biyo baya shi ne kaɗai wanda yake ciki, don sauran duk shi ya ɗauka. Yana tsaye ƙarƙashin rumfar inabi da malafar Turawa, yana dariya, fuskarsa ta cika rabin bango.

“Ga Yallaɓai nan!” in ji matarsa, aka yi tafi.

Inna ta damƙe wuyan hannuna. “Shi ne?” ta tambaya ƙasa-ƙasa.

“Shi ne, Inna.”

“Babba ne hoton?”

“Ƙato.”

“Kai ni.”

Ɗakin da duhu, kuma hoto ne, babu wanda za a ce ta yi wa rashin kunya. Na kama ta muka taka har jikin bango. Ta matsa, ta ƙara matsawa, ta kai fuskarta dab da fenti tana juya idon dama. Ba ta san ta shiga gaban hasken ba. Fuskar ɗanta ta koma kan mayafinta ta baya, kowa a ɗakin yana gani, a gabanta kuwa ba komai sai inuwar kanta.

“Inna, kin tare hoton,” in ji Yallaɓai.

Ba ta motsa ba. Ya ɗan jira, ya yi dariyar jin nauyi saboda baƙi, ya danna maɓalli. “Yalla, mu ci gaba, wannan hasumiyar kuma...”

Inna ta sauke hannunta daga bango. Ta sunkuyo wajen kunnena ta ce, “Ya yi ƙiba?”

Na ce, “Ya yi, Inna.”

“Alhamdu lillahi,” ta ce. “Mai da ni kujera, kada in hana mutane kallo.”