Tausar da Kyauta Ba Ta Gama Ba

A Filinge in ka ce Kyauta mai tausa, ko baƙon da ya zo cin kasuwa zai nuna maka gidan, can bayan masu sayar da itace. Tsohuwa ce siririya, ba ta da abin kallo sai hannaye, manya kamar na namiji. Mijinta Maidoki ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan. Ɗansu guda, Isufu, yana gadi a Yamai, daga salla sai salla ake jin muryarsa a waya. Ita da akuya biyu ne a gidan, su kuwa awaki ba a hira da su.

Wurin kakarta ta gaji sana'ar, a wani ƙauyen Kurfai. Kakar ce ke gyara 'yan bori bayan wasa, waɗanda suka yi tsalle suka faɗo zaune har ƙugu ya goce. Ita ta koya mata cewa ciwon baya ba a baya yake farawa ba, don haka gyaran mutum sai ya zo sau bakwai. Ranar farko tafin ƙafa kawai ake taɓawa. Daga nan a hau sharaɓa, a bi cinya da ƙugu, a yi ta hawa sannu a hankali, sai a zuwa na bakwai a kai wuya da ƙeya, a ɗora kan mutum daidai bisa jikinsa.

To amma mutanenmu ina suka ga wannan haƙuri? Mutum ya shigo yana dafe da baya, ta kama masa babban yatsan ƙafa, sai ya dube ta kamar ta zautu. Masu kirkin cikinsu su zo sau biyu ko uku, da ciwo ya lafa shi ke nan, in sun hango ta a kasuwa su kau da kai. Shekara arba'in tana wannan aiki, ba ta taɓa kai ko mutum ɗaya zuwa na bakwai ba. Abin yana ci mata rai, ba ta kuma da wanda za ta faɗa wa.

Ana nan sai ga Hasiya, wata Bafillatana mai tallan nono. Daga wajen Sanam suka taso saboda rashin kwanciyar hankali, suka kafa ruga arewa da gari. Kyauta ta kira ta sayen nono, ta ga kafaɗar hagu a zube, ƙugu ya tura gefe guda, aikin shekara ashirin na ƙwarya a ka da goyo a kwiɓi. Ta ce mata ta sauke ta taka zuwa bakin ƙofa ta dawo. Hasiya ta yi dariya, ta taka. Da aka yi mata bayanin zuwa bakwai, ta ce ai duk ranar kasuwa tana gari, ba wani abu ba ne.

Ta kuwa cika alkawari. Kowane mako tana sayar da nononta sai ta biyo, ta kwanta bisa tabarma, Kyauta ta shafa man shanu ta sa gwiwar hannu ta bi nama a hankali, tana cewa ta ja numfashi, ta saki. Akwai zafi, Hasiya takan cije haɓar zane, amma bakinta ba ya hutawa. Ta ba da labarin saniyarta mai taurin kai, da uwarta da aka bizne a Sanam, da mijinta da ba ya cewa uffan sai ga shanu. A zuwa na uku ta ga kan Kyauta a tsefe, ta ce wannan abin kunya ne, ta zaunar da ita ta yi mata kitso. Kyauta ta lumshe ido tana jin yatsun a kanta. Ita da kullum hannunta ke kan mutane, ta manta rabon da wani ya taɓa ta.

A zuwa na shida aka yi kafaɗu. Hasiya ta miƙe, ta ce ji take kamar an ƙara mata tsawo, ƙafafunta biyu duk suna taka ƙasa daidai. Kyauta ta raka ta ƙofa da murna, ta dawo ta zauna, sai murnar ta koma ciki. Mako mai zuwa za a gama. In aka gama, me zai sake kawo Hasiya gidan nan?

Ranar ta zo, Kyauta ta taɓa ƙugun ta girgiza kai, ta ce bai zauna ba, sai an koma masa. Ƙarya ce, kuma ta san ƙarya ce. Mako na gaba ta ce gwiwa. Na gabansa ta ce haƙarƙari. Hasiya ba ta yi musu ba, ta yarda da hannun tsohuwar fiye da yadda ta yarda da nata jikin. Hira ta yi daɗi, aka dama fura, aka sake kitso.

A mako na huɗu da fara wannan jan lokaci Hasiya ta shigo ido ja wur.

"Inna, kaina ka sarawa, har ƙwarya ba ni iya ɗauka. Na tahi disfansar wajen likita sun ba ni ƙwaya, ba ta yi mini komi ba."

Kyauta ta san dalili sarai. Jiki ya miƙe daga ƙasa, kai kuwa yana nan a karkacensa na da, jijiyoyin wuya ne ke ja. Kunya ta rufe ta. Ta ce a kwanta a yi yanzu, amma Hasiya ta ce nononta ko rabi bai ƙare ba, rana kuma ta yi, sai dai wani mako. Kyauta ta ce to, wani mako za a gama, ko me za a yi.

Wani makon ta shimfiɗa tabarma tun hantsi. Azahar ta yi, la'asar ta kawo kai, ba Hasiya. Ta yafa gyale ta nufi kasuwa, gindin bishiyar da masu nono ke zama, ta tambayi wata Habsa, maƙwabciyar Hasiya a ruga.

"Sun tashi tun ran alhamis, Inna."

"Ina sunka nuhwa?"

"Gusun, can kudu wajen Damana. Can ma ba zama za su yi ba, sai inda ciyawa ta kai su."

Habsa ta ƙara da cewa bisa jaki aka ɗora Hasiya, kanta ɗaure da tsumma, ta kuma bar sallahu a gaida Inna, a ce ta yi haƙuri ba ta zo an gama ba.

Kyauta ta ce wa Habsa in Allah ya haɗa su, a faɗa wa Hasiya ta sami wani ya sa mata yatsu nan ƙarƙashin ƙeya, ya danna a hankali yana ja sama. Ta miƙa hannu za ta gwada a wuyan Habsa, matar ta goce, ta ce ita lafiyarta lau. Sai tsohuwar ta kai hannun bisa nata wuyan, ta karkatar da kai tana nuna wurin, tana maimaita bayanin dalla-dalla don kada a manta. Habsa kuwa ta riga ta juya tana zuba wa wani nono.