Saiwar ce ta gaji, ba ƙasar ba

Yau nake karanta cewa saiwar rake tana canjawa daga ciki duk lokacin da aka sare ya sake toho. Sai na tuna fadamarmu ta Kiru, wajejen ƙarshen shekarun tamanin.

Baba ba ya sabon dashe. Mu sare, tsohon tushe ya toho. Raken ya yi ta sirancewa, har Baba ya ce ƙasar ta mutu, sayarwa zai yi.

Inna ta ce, "Malam, tono tushe ɗaya tukuna."

Ya tono. Saiwoyin sun yi baƙi, sun ruɓe.

"Ashe tsufa ne, irin nawa," in ji Baba.

Inna ta ce, "To shi a tumɓuke. Kai kuwa ma lallaɓa da kai."

Muka dasa sabon iri, ya yi kauri. Fadamar tana hannunmu har yau, alhamdulillahi.

Manoman rake, sara nawa kuke yi kafin ku sake dashe?