Taubashin Baba a Duwatsun Kuza

Ko da tsufa ya cinye mini sauran labarai, tafiyar da muka yi da Baba zuwa duwatsun Abzin ba za ta fita daga kaina ba. A lokacin ina koyarwa a wata lakwal a Magariya, yayana kuma yana da tsohuwar mota katkat da yake jigilar 'yan kasuwa da ita tsakanin Guci da Mallawa.

Baba ya yi aikin haƙar kuza a can tun yana saurayi. Tare suka tafi da taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa daga Bande. Da aiki ya mutu Baba ya dawo gida, taubashin ya ce zai biyo baya. Bai biyo ba, ba a kuma sake jin ɗuriyarsa ba. Dangi sun daɗe da fidda rai, ban da Baba. Wata rana bayan sallar la'asar ya dube mu ya ce, "Ku kai ni in gani da idona tun idon yana aiki. In kabari ne, in yi masa addu'a. In kuma yana raye, in zage shi."

Da aka ba mu hutu muka ɗaura bidon-bidon na ruwa da na mai, da tanti, da ƙuli-ƙuli da garin rogo, muka kama hanya. Muka wuce Damagaram, muka kwana a Agadas. Daga nan kwalta ta sallame mu.

Mu mutanen rairayi ne, ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma. Ban taɓa ganin dutse ya tsaya a gaban mutum ya tare masa rabin sama ba sai ranar. Motar tana hawa tana kuka, duwatsu suna bugun cikinta, ni ina riƙe da ƙofa ina salati. Yayana kuwa sai cika baki yake yi. "Wanda ya saba da rairayin Dungas da damina, wannan ai wasa ne!" Baba yana gaba, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana ta nuna mana wurare kamar jiya ya bar su.

Da yamma muka iso tsohuwar mahaƙar kuzar. Babu kowa. Ramuka ne birjik, da tulin tsakuwa, da ɗakunan dutse marasa rufi, da wani inji da tsatsa ta cinye. Baba ya shiga wani kango ya dudduba. "Nan muke kwana," in ji shi. "Shi a bakin ƙofa, saboda minshari." Muka kafa tanti a gefe, muka dafa shayi, muka yi magariba. Baba bai ci abin kirki ba. Na ga alamar jikinsa ya yi sanyi, domin wa za mu tambaya a wannan kufai?

Washegari da safe yayana ya ce mu bi ƙoramar da ke gangare, busasshiya ce, ƙila mu tarar da mutane. Ba mu yi nisa ba tayoyi suka nutse. Ya ba ta wuta, ta ƙara zama. Muka haƙa, muka sa duwatsu, muka rage iskar tayoyi, duk a banza. Sai Baba ya ɗaga kai ya kalli baƙin hadarin da ya taru a kan duwatsu. "A nan ba sai an yi ruwa a kanka ba," in ji shi. "In ya zuba can sama, ta wannan ƙorama zai sauko, kuma ba ya sallama." Nan take cika bakin yayana ya ƙare. Motar nan ita ce abincin gidansa.

Na haura gaɓa da gudu ina kwaɗa kira. Allah ya haɗa ni da wata mata mai kiwon awaki. Ba ta jin Hausa sosai, amma ta gane. Ta nuna mini wasu itatuwan dabino can gaba, ta ce, "Lambun Bahaushe. Akwai raƙuma."

Na isa lambun ina haki, na faɗi abin da ya same mu. Samari suka fito da raƙuman jan ruwa da igiyoyi, wani tsoho mai rawani yana bin mu a kan jaki yana ba su umarni. Aka ɗaura igiya, raƙuma suka ja, mu muka tura, yayana yana murza sitiyari yana kiran sunan Allah. Motar ta yi tsalle ta fita, ni na kife a rairayi. Ba a jima da hawa da ita tudu ba muka ji ruri. Ruwa ja ya gangaro da itace da duwatsu, ya shafe inda muke tsaye ɗazu.

Muna kallon ruwan ne tsohon ya sauko daga jaki ya zo gaishe mu. Hausarsa tamu ce tsantsa, ta Bande. Baba ya ƙura masa ido, ya matso, ya sa hannu ya janye masa rawanin daga baki.

"Kai! Bawana! Ashe ba ka mutu ba?"

Tsohon ya dube shi da kyau, sai ya ce, "In mutu in bar ka da wa? Dubi yadda ka tsufa, ko haƙori babu!"

Suka rungume juna suna dariya, hawaye yana bin gemu. Samarin nan ashe 'ya'yansa ne da jikoki, 'yan'uwanmu ke nan. Ya yi aure a can, ya kafa lambu. Kullum yana cewa baɗi zai je gida, har kunyar daɗewa ta hana shi.

Muka yi kwanaki a lambun, ana shayar da mu tukuɗi, ana cika mu da cuku da dabino. Tsofaffin nan ba su bar tsokanar juna ba ko wajen alwala. Akwai wani tsauni da waya ke kamawa, muka ɗora taubashin Baba a mota muka hau da shi, muka kira yayarsa a Bande. Da ta ji muryarsa sai ta rangaɗa guɗa, har muna ji daga nesa. Da kaka ta yi, shi da kansa ya zo gida, garin kuwa ya cika.

Abin da na koya shi ne, in tsoho ya ce a kai shi wani wuri, a tashi a kai shi tun yana iya hawa mota. Kuma ɗan'uwan da ya yi shiru, ba lalle ne ya manta da ku ba. Wani kunya ce ta riƙe shi, yana jiran wanda zai fara zuwa.