Ranar da Maigidana Ya Kai Ni Sayen Bindiga

Shekarun baya, lokacin muna zaune a ƙasar waje, a unguwar Tremont, a hawa na biyu na wani bene, yaranmu duk suna firamare, na taɓa sayen bindiga. Na san waɗanda suka san ni za su yi dariya, don ni ce matar da in aka fasa balan-balan a gidan suna sai na dafe ƙirji na yi salati. Amma haka aka yi.

Wata rana da la'asar na taso daga asibitin da nake aiki, na biya makaranta na ɗauko ƙaramar 'yata. Ina buɗe ƙofa sai ga mutum tsaye a tsakiyar falona, ya rataya jakar makarantar ɗana, ya cika ta da abin da hannunsa ya kai. Ta tagar baya ya shigo, ta matakalar ƙarfen nan da ake sauka in gobara ta tashi. Ya raɓa ta gefena har kafaɗarsa ta gogi hijabina, ya sauka abinsa. 'Yata ta ɗago kai ta tambaye ni da Turanci, wai baƙon Baba ne?

Kayan da ya ɗauka ba su taka kara sun karya ba. Ni ce na kasa komawa daidai. In na dawo aiki sai na tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu ina kasa kunne, wani lokaci har sai maƙwabciyata 'yar Kumasi ta fito ta raka ni ciki. Maigidana kuwa direban tasi ne, yini yake a filin jirgin saman JFK yana jiran fasinja, ba ya shigowa sai bayan isha'i.

Wata safiya yana shan kunu na ce masa, "Malam, bindiga zan saya."

Ya yi dariya har ya ƙware. Da ya ɗago ya ga fuskata sai ya ajiye kofin.

"Da gaske kike, Maman yara?"

"Da gaske nake. Ɓarawon nan ya wuce ta gefen yarinyar nan, ni kuma ina tsaye kamar gunki."

Ban san haka ba sai daga baya, ashe shi a ransa ba ya son abin ko kaɗan. Amma abin da ya ce shi ne, "To. Ke za ki zaɓi bindiga, ni zan zaɓi inda za ta kwana. Akwai yara a gidan nan."

A garin nan mallakar ƙaramar bindiga ba wasa ba ne. An ɗauki hoton yatsuna, an yi min tambayoyi, na shiga ajin koyon yadda ake riƙe makami da adana shi, sai da maigidana ma ya sa hannu cewa ya yarda a ajiye ta a gidan. Aka ce in kawo mutanen da za su shaidi halina. Na je wurin wani dattijo a masallacinmu, ya saurare ni tsaf, sannan ya rage murya ya ce, "Hajiya, lafiya dai kuke da Malam ko?" Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Daga nan sai jira. Sanyi ya zo ya wuce, har na fara mantawa, sannan lasisin ya fito.

Ranar da za mu je, maigidana bai fita aiki ba, abin da ko da Sallah sai an yi da gaske yake yi. Ya wanke mota, ya sa shaddarsa ruwan toka, ya buɗe min ƙofar baya yana cewa, "Ina muka nufa, ranki ya daɗe?" Na ce ya daina sakarci, na shiga gaba. Shagon yana can wajen gari, muka yi ta tafiya tsakanin bishiyoyi yana ba ni labarin fasinjojinsa. Rabon da mu fita mu biyu kaɗai ba yara, har na manta.

Muna shiga kowa ya juyo. Mai shagon, wani Bature dattijo mai gilashi, ya nufi maigidana kai tsaye yana tambayar me yake nema. Shi kuwa ya harɗe hannu a baya ya ce masa, "Ba ni ba ne, ita ce. Ni direba ne kawai."

Na nuna wata 'yar mitsitsiya mai sheƙi, don a ganina ƙarama ta fi sauƙi. Dattijon ya ce a'a, ƙananan nan su suka fi dukan hannu in an harba. Ya ɗauko min matsakaiciya, ya nuna min babu harsashi a ciki, ya ce in riƙe in ji ko yatsana zai kai kunamarta ba tare da na murɗe hannu ba. Na riƙe. Ta fi nauyin da na zata, ga sanyi. Na waiwaya in ga fuskar maigidana, sai na ga ba bindigar yake kallo ba, hannuna yake kallo.

Da aka zo kan sauran kayan ne rikicinmu ya tashi. Ni ina son duk abin da aka nuna min, har da wani abu da ke ɗiga jan haske a kan abin da ka auna. Shi kuwa ya kafe a gaban akwatunan ƙarfe na adana bindiga, yana ƙwanƙwasa wannan, yana jijjiga wancan kamar mai sayen kankana. Ya zaɓi mai buɗewa da zanen yatsa. Na ɗora yatsana, ya ƙi. Na goge na sake, ya ƙi. Ashe yawan wanke hannu a asibiti ya cinye min zanen. Maigidana ya ɗora nasa a kan na gwaji, nan take ya buɗe, alhali shi doka ba ta ba shi damar taɓa bindigar ba. Dattijon ya yi dariya har da cire gilashi. Muka koma kan mai lambobi, wanda ake ɗaure shi da ƙusa a cikin kabad.

Sai maigidana ya ɗauko wata tocila mai ƙarfin haske ya ajiye a kan kanta.

Na ce, "Muna da tocila a gida."

Ya ce, "Ba irin wannan ba. Kafin ki taɓa akwatin nan, ki fara ganin fuskar mutum. Wataƙila ni ne na manta makullina. Wataƙila ɗanki ne ya girma ya fara dawowa a makare."

Ban ƙara musu ba. Muka haɗa da abin toshe kunne na wurin koyon harbi da kayan goge bindigar, muka fito. A hanyar dawowa ya tsaya a titin Fordham Road ya sayo mana tsire, muka ci a cikin mota muna zubar da yaji a kan kujerar da ya wanke da safe. A gida shi ya kafa akwatin, kuma da zan sa lambobin ya juya min baya da kansa.

Sau ɗaya na taɓa zuwa wurin akwatin nan a guje. Da rana ne, ina hutu, na ji ƙarar ƙarfe a tagar baya, na ga inuwar mutum a labule. Na durƙusa a gaban kabad, lambobin suka ɓace min ɓat. Ina ta dannawa yana ƙi, sai na ji an kira ni daga waje. Mai kula da ginin ne. Maigidana ne ya roƙe shi ya sa mana ƙarfen taga, ya manta bai faɗa min ba. Da na ba shi labari da daddare bai yi dariya ba. Ya zauna a bakin gado ya riƙe kansa, yana ta maimaita Alhamdulillahi. Tun daga ranar, in zai shigo tun daga matakala yake ɗaga murya da sallama, har maƙwabta suka riƙa amsa masa ta cikin ɗakunansu.

Bindigar ba ta taɓa tashi a kan kowa ba, sai a wurin koyon harbi, nan ma idona ɗaya a rufe don tsoro. Bayan wasu shekaru ciwon zuciya ya kama maigidana, bai yi doguwar jinya ba Allah Ya karɓi abinsa. Da muka bar gidan na mayar da ita ga mai shago ta hanyar da doka ta ce, na miƙa lasisin. Dattijon ya tambaye ni ina direbana.

Ba zan ce wa kowa ya saya ko kada ya saya ba, kowa ya san gidansa da abin da ya gani. Ni dai a lokacin na ɗauka ƙarfen nan ne ya dawo min da barcina. Yanzu da nake zaune ba Malam ba bindigar, na san wanda nake nema in na ji motsi. Mutumin nan ba ya son abin, amma bai taɓa raina tsorona ba, ya bi ni har ƙarshensa yana tare min duk inda zan ji ciwo.

Yaran sun girma, ɗan har ya fi babansu tsawo. Jiya ya tambaye ni me zan roƙa in aka ce za a dawo min da rana guda tare da babansu. Ya zata zan ce ranar aurenmu. Na ce masa a'a, wata tafiya ce muka yi zuwa wani shago, ka zauna in ba ka labari. Wanda ya karanta har nan, don Allah ya sa min shi a addu'a.