Mai Almakashi, Injiniyar Sadarwar Kamfanin Magunguna

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayiya, wadda abokan aikinta suka fi sani da Mai Almakashi, a shekarar 1961, a wani gari da ke gaɓar kogi. Mahaifinta mai gyaran layukan tarho ne, mahaifiyarta kuwa ungozoma. Ta kammala sakandare a 1979, sannan ta karanci injiniyancin lantarki a jami'a, ta fito da kyakkyawan sakamako a 1984.

Aure

A 1986 ta auri wani malamin lissafi, mutum mai haƙuri da barkwanci, wanda yakan ce ko igiyar shanya matarsa ba ta yarda da guda ɗaya ba.

Aiki

A 1990 wani kamfani mai rarraba magunguna ga asibitoci ya ɗauke ta aiki. A daminar 1998 ambaliya ta cika ɗakin ƙasa inda kwamfutocin kamfanin suke, kuma da yake dukkan rassa ta waya guda suke haɗe da babban ofis, aiki ya tsaya cak, marasa lafiya suka yi makonni suna jiran magani. Wannan musiba ta tsaya mata a rai, har ta nemi izinin sake fasalin sadarwar baki ɗaya. Ta shimfiɗa wa kowane reshe hanya biyu, ta sa ana ajiye kwafin bayanai a wani reshe mai nisa a kan tudu, ta kuma tsara cewa idan layi ya cunkushe, buƙatun asibitoci ne za su fara wucewa.

A nan ta samo laƙabinta, domin takan shiga ofis da rana tsaka ta katse babbar waya da almakashi ba tare da sanarwa ba, don ta gwada ko hanya ta biyu za ta ɗauka. Da manaja ya yi ƙorafi, sai ta ce masa, "Ranka ya daɗe, gara in yanke ta ina tsaye a kanta da gobara ta yanke ta muna gida."

A 2011 gobara ta cinye babban ofishin ƙurmus. Kafin masu kashe wuta su naɗe tiyo, reshen tudu ya karɓi aiki, motoci suka fita da allurar masu ciwon sukari kamar kullum, kuma babu ma'aikacin da ya rasa aikinsa.

Ritaya da Rasuwa

Bayan ta yi ritaya a 2019, ta mayar da falonta aji, inda take koya wa masu ƙananan shaguna da asibitocin unguwa yadda za su tanadi mafita tun kafin masifa ta auku. Allah ya yi mata rasuwa a 2023 bayan gajeriyar jinya, aka binne ta a maƙabartar unguwarsu, ɗalibanta sun rufe shagunansu sun cika layin gidanta. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: babbarsu likitar yara, na tsakiya direban jirgin ƙasa, sai autarta, wadda ke koyar da injiniyanci. Allah ya sa ta huta.